'Yan Sunkuye: Kowa da Irin Wuyansa

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan ɗan Adam, su ke riƙe da kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Muddin kan yana zaune daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya ƙorafi. Amma a 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafin abin da ke faruwa idan aka sunkuya: ɗan rusunawa na digiri 15 yana mai da nauyin kilo 12, idan kuwa haɓa ta doshi ƙirji, wato digiri 60, ya kai kilo 27. Ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25 ke nan, wadda ɗan ga-ruwa ma sai a kura yake turawa. Mu kuwa a ƙeya muke rataye ta, saboda waya, kuma kowa da salon da yake ɗaukar tasa.

Ɗan majalisa ne ya fi yawa, na bakin titi nake nufi, ba na Abuja ba. Samari takwas a kan benci bayan la'asar, kai duk a ƙasa, babu mai ce wa wani uffan. Ka yi sallama, a amsa maka da ƙeya. Can sai ɗaya ya tuntsire da dariya, ya tura wa na kusa da shi bidiyon ta WhatsApp, alhali gwiwarsu na gogar juna. Sai an kira magariba za ka ji wuyoyi na ƙara ƙas-ƙas.

Sai Hajiya mai karatun dare. Yara sun yi barci, maigida na minshari, ta jera filo uku ta jingina kai kaɗai, sauran jiki a shimfiɗe, wuya a lanƙwashe. Littafin soyayya ne aka turo a guruf, marubuciyar kuma ta iya mugunta: kullum sai an zo daidai inda kishiya za ta buɗe ƙofa take tsayawa. "Shafi ɗaya ya rage," in ji Hajiya, tun ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ke sallamarta shi ne gyangyaɗi, lokacin da wayar ta suɓuce ta daki karan hanci. Da safe ba ta iya waiwaye, sai ta juyo gaba ɗayanta in an kira ta. Tambaye ta me ya faru. "Wallahi filon nan ne, ya tsufa." An sauya filo, an sauya katifa. Littafin yana kashi na huɗu.

Ɗan caji shi ba ma zaɓi gare shi ba, igiya ce ke mulkinsa. An kawo wuta, soket yana can ƙasa bayan ƙofa, igiyar kamu biyu ce, ga ta da lalura: sai an karkata ta take ɗauka. To haka zai tsuguna, kai a karkace, numfashi ma a hankali, har a ɗauke wutar.

'Yan mainin kuwa sai dai a yi musu jaje. A 2024, lokacin Hamster Kombat, har dattawa da matan aure sun duƙufa, ana dangwalar fuskar waya dare da rana ana jiran ranar fashewa. Wani waya uku ya jera a cinya. An ci bashi da sunan in ta fashe, an zaɓi kalar mota. Da ta fashe a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai wuce na man zafi ba, wanda dama shi suka fi bukata.

Akwai Yallaɓai na ofis, wanda kwamfutarsa ke ƙasa da idonsa, sai ya miƙa haɓa gaba, kafaɗu sun haura kunne, tun safe har tashi. Akwai tela mai maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ƙafa na taka keke, baki na rantse wa mai kaya cewa aljihu kawai ya rage.

Duk waɗannan, in ciwo ya ci tura, wuri ɗaya suke haɗuwa: layin neman mai laifi. Sanyi ne. Fanka ce. Kwanciya ce ba daidai ba. Wani ya je wanzami ya kafa masa ƙaho, wani ya ce ai tun da ya sayi fili 'yan uba suka sa shi gaba. Waya dai ba ta taɓa shiga jerin waɗanda ake zargi ba, ita ce ma ake riƙe da ita ana ba da labarin. Likitocin gashin ƙashi kuwa maganarsu ba ta da tsada, shi ya sa ba a ɗaukarta: ɗaga wayar zuwa saitin ido, ɗora kwamfuta a kan littattafai, kada a daskare a zama ɗaya, a tashi a motsa kafaɗa lokaci-lokaci. Daɗewar ce ke gajiyar da naman wuya, ba sunkuyawar minti biyu ba. (Ban da wasa: wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon da ke sauka hannu yatsu su riƙa mutuwa, wannan na asibiti ne yau-yau. Sanƙarau ba ya jiran man zafi.)

Mutum ɗaya na ga ya tsira, shi ne Alhaji Baba. Wayarsa ta fi ta kowa tsada a unguwa, amma bai taɓa duba fuskarta ba. Yana kishingiɗe a kujera, wuya a miƙe, carbi a hannu. Saƙo ya shigo, sai ya ɗaga murya: "Kai, Auta! Zo ka karanta mini." Auta ya karanta, ya rubuta amsa, ya nemo wa'azi, ya riƙe wayar har a shafa fatiha. Alhaji ya haura saba'in bai san ciwon wuya ba. Auta ne dai, ɗan shekara goma sha huɗu, ake shafa wa man zafi kowane dare, Alhaji na faɗa daga ɗaki cewa yaran zamani ba su da ƙwari.