Jama'ar da Ke Taruwa a Bakin Rauta

Magabata sun ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi, ko an yi ciniki, ko an zauna maƙwabtaka. To ni kuwa, bayan zaman da na yi a wani gidan haya a Samarun Zariya, inda muke karo-karo duk ƙarshen wata mu sayi data, na ga ya kamata a ƙara na huɗu, wato ranar da akwatin intanet na gida, wanda ake kira rauta, ya ƙi karɓar wayar mutum alhali kuwa ya biya kasonsa cif.

Asalin mas'alar shi ne, kowace na'urar da ke kama intanet ta iska tana da wata lamba da ake kira MAC, mai harafi 12, an jera su bibbiyu gida 6, ba a kuwa amfani da komai a cikinta sai 0 zuwa 9 da A zuwa F, rabinta na farko yana nuna kamfanin da ya ƙera, gwargwadon rabon da hukumar IEEE ta yi. A cikin rauta kuma akwai wani mai gadi da za a iya tayarwa, a danƙa masa ɗayan takardu biyu: takardar izini, wadda babu mai shiga sai wanda ke cikinta, ko takardar kora, wadda kowa ke shiga sai wanda ke cikinta. Mai gadin nan bai san Alhaji ba, bai san furfura ba, ba ya jin magiya, lamba kawai yake karantawa. A bakin ƙofarsa na ga mutanen da zan lissafa.

Na farkonsu Sarkin Ƙofa, wanda zan sakaya sunansa saboda wani dalili. Mutum ne mai son tsari, wanda da ya ga datar wata guda ta ƙare tun wata bai raba ba, sai ya ɗaura ɗamara, ya buga 192.168.0.1 a wayarsa, ya shiga zauren sarrafa rauta, ya rubuta lambar kowa da kowa a takardar izini har da ta yarinyar da ke yi wa matar maigida aike, ya danna adanawa yana murmushin wanda ya ci gari da yaƙi. Nan take rauta ta jefo shi waje, domin mutum ɗaya ya manta bai rubuta ba, shi ne kansa. Ya wayi gari kamar wanda ya datse kwado ya bar makulli a ɗaki. Abin da ya cece shi igiyar kebul ce da ya ara ya haɗa kwamfuta da rauta, tunda a yawancin rautoci mai gadin nan ƙofar iska kaɗai yake tsaro. Hukuncin da ke cikin wannan babi a fili yake, Hausawa ma sun riga sun yanke shi: so duka so ne, amma son kai ya fi.

Na biyu Mai Sahu, wanda idonsa ke karanta abu ɗaya hannunsa na rubuta wani. Inda aka sa sifili sai ya sa harafin O, wanda babu shi sam a wannan ilmi, inda aka sa B sai ya sa 8, irin kuren da in almajiri ya yi shi a allo malam zai sa a wanke tun daga sama. In kwamfutar cinya aka kawo masa, wadda ke da lamba biyu, ɗaya ta kebul ɗaya ta iska, lalle ta kebul zai kwafa. Ranar da Allah ya taimake shi ya rubuta daidai kuwa, sai ya rufe shafin bai danna adanawa ba, ya tafi da ladan niyya, ya bar mai kwamfuta da jiran gawon shanu.

Na uku Mai Juya Hukunci. Shi kam rubutunsa babu gyara, illa dai ya zuba sunayen masu biya gaba ɗaya a takardar kora yana zaton ta izini ce, har gida ya kwana halattattu suna zaune jugum a tsakar gida suna duban wayoyinsu, samarin layi kuwa suna jingine da katanga suna kallon ƙwallo, suna yi wa mai gidan addu'ar Allah ya ƙara buɗi.

Na huɗu Mai Rantsuwa, wanda ke shigowa da waya a hannu yana cewa, "Wallahi, Malam, ban taɓa komai ba!" Abin mamaki, gaskiya yake faɗa. Tun daga Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, wayoyi suka koyi yin lulluɓi, kowane wayifai suka je sai su ba da lambar aro a madadin ta haihuwa, don kada masu kantuna da filayen jirgi su riƙa bin sawun mai waya. Saboda haka lambar da aka kwafo daga bayanin waya daban, wadda take nuna wa mai gadi daban. Alamar ta aro ita ce harafinta na biyu ya kasance 2, ko 6, ko A, ko E. Magani ɗayan biyu ne, ko a rubuta ta aron, ko a shiga saitin wannan wayifai a waya a ce mata ta yaye lulluɓi a gida. Sai dai a kiyaye, in aka sauya sunan wayifai, kowace waya za ta ɗauka sabon gari ta zo ta sake sabuwar lamba, kamar yadda ya faru daren da Sarkin Ƙofa ya raɗa wa namu suna "Ba Bashi", ya kori gida duka da bugu ɗaya.

Na biyar Wanzami, wanda maganinsa ɗaya ne tak, ciwon kai ƙaho, ciwon ciki ƙaho. Da ya ji an ce intanet ta ƙi, ba ya tambayar wayar wa, ba ya tambayar tun yaushe, sai ya zaro tsinken sakace ya tura a ɗan ramin da ke bayan rauta, ya danne kamar daƙiƙa 10, fitilu su ɗauke su dawo. Hakika kowa zai shiga bayan haka, domin rauta ta koma yadda ta fito daga masana'anta, suna da kalmar sirri sun koma waɗanda ke manne a gindinta, takardar da aka kwana uku ana rubutawa kuwa ta bi ruwa. Sa'an nan ya karkaɗe hannu ya tsaya yana jiran godiya.

Na shida Malamin Zato, mai fatawa ba da dalili ba. In damina ce hadari ne, in hunturu ne hazo ne, in sama garau take kamfani ne ke sata, in duk waɗannan sun ƙi to akwai hannun maƙiya. Ya fi kowa magana, amma ko sau ɗaya bai taɓa yin gwajin da ke raba gardama ba, wanda bai fi minti ɗaya ba, wato a sallami mai gadi na ɗan lokaci a gani. In waya ta shiga, laifi na takarda ne, a koma a bi lamba harafi-harafi. In ta ƙi, a bar takarda ta huta, a duba kalmar sirri. In kuwa ta shiga amma babu abin da ke buɗewa, to jama'a su dubi juna, data ce ta ƙare.

Na bakwai Ɗan Katanga, yaron maƙwabta mai ladabi, ɗalibin ilmin kwamfuta, wanda ke durƙusawa har ƙasa ya gai da mu da safe, da dare kuma ya sha datarmu. Ranar da asiri ya tonu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai lambar nan a fili take yawo a iska, ko an kulle saƙo ba a kulle ta, duk mai ɗan sani zai iya karanta ta wani ya sa wa na'urarsa." Muka ce to kalmar sirri fa? Ya ce ɗan maigida ne ya nuna masa hoton nan mai ɗigo-ɗigo da waya ke fitarwa, shi kuma ya ɗauka. Nan muka fahimci cewa takardar izini labule ce, kwadon gaskiya shi ne doguwar kalmar sirri a ƙarƙashin WPA2, wanda ya zo a 2004, ko WPA3 na 2018, kuma ko shi ba ya tsare gidan da bangonsa ya tsage daga ciki.

Ta ƙarshe ita ce Hajiya Inna, mahaifiyar maigida, wadda bukatarta da intanet ba ta wuce ta ji muryar 'yarta da ke aure a Jidda ba, an kuwa kore ta sau uku cikin mako guda, sau ɗaya da sahu, sau ɗaya da "Ba Bashi", sau ɗaya da tsinke. Ta tara mu bayan la'asar ta ce, "Ku 'yan nan, ni ban san mak ba, makulli na sani. Ku sallami wannan mai gadi da bai san uwar gida ba. Duk ranar karo-karo a sake kalma, wanda ya biya a raɗa masa a kunne, wanda ya fitar da ita waje ya biya kaso biyu." Malamin Zato ya buɗe baki zai kawo ta'aliki, ta dube shi, ya rufe. Aka yi ijma'i nan take.

Da aka watse ta kira ni gefe ta ce, "Malam, kawo littafin nan naka na lambobi." Na miƙa mata da hannu biyu, ta yage shafukan da na ɓata dare uku a kansu, waɗanda har yau babu lambata a ciki, ta ba jikanta ya hura gawayi, sauran farar takardar kuwa ta ce a riƙa rubuta sunan wanda ya biya.