Yadda Tekun Gana Ya Ci Ni Tarar Wando

Tun ina yaro a Kano ake lissafa ni cikin gwanayen ruwa. Babu kududdufin unguwarmu da ban yi kurme a ciki ba, kuma na taɓa shiga madatsar Tiga sau ɗaya, iya gwiwa. Shekara ashirin ina ba da labarin wannan shiga, kullum ruwan sai ƙara zurfi yake. To da na je Ankara, ba ta Turkiyya ba, babban birnin Gana da mutanen zango ke kira haka, na sauka gidan Kawu a Nima. Ko kokon safe ban gama sha ba na shelanta wa gida cewa teku na zo gani, kuma shiga zan yi.

Kawu ya ajiye ƙosan da ke hannunsa ya ce, "Ɗana, a kalle shi daga nesa. Mu shekara arba'in muna gaisawa da shi, ba mu taɓa musabaha ba." Ɗansa kuwa, taubashina, har da tafi. Ya ce, "Bari Bakano ya je, Baba. Ai sarkin kududdufi ne."

Ranar Lahadi muka nufi Labadi, gaɓar da ta fi kowace cika a birnin. Muka biya 'yan sidi a ƙofa muka shiga. Wuri kamar hawan sallah: ga dawakai ana ɗora mutane ana sukuwa a kan rairayi, ga makaɗa, ga masu kwakwa da adda a hannu, ga masu tsire, wanda a can suke kira cincinga. Mai tsiren ma da Hausa ya amsa min gaisuwa, irin Hausar zango da ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Da ya ga ina naɗe hannun riga sai ya ce, "Alhaji, yau ruwa yana fushi." Na ce masa ni da ruwa tun ba yau ba.

Na tuɓe babbar rigata, na ninke ta na ajiye dab da bakin ruwa, na ɗora hula da waya a kai. Ya rage daga ni sai singileti da wandon shadda da ya sha sitaci, ɗaure da tazuge. Igiyar ruwa ta farko ta zo ta lashi idon sawuna ta koma. Na ce, wannan ne tekun da ake ta kururutawa? Ta biyu ta kawo gwiwa. Sai na juya ina ɗaga wa taubashi hannu ya zo ya ɗauke ni hoto, mutanen Kano su gani. Ashe ba a ba teku baya.

Ban san lokacin da ta ukun ta iso ba. Na dai ji an ɗaga ni, an nana ni da ƙasa, an juya ni kamar ƙullu a hannun mai ƙosai. Gishirin da na sha ya ishi miyar gidan biki. Kuma ba dukan ne abin tsoro ba, komawar ruwan ce. Idan zai koma sai ya riƙa yashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka yana janka ciki, kai kana tsaye ƙasa na gudu. Daga baya masu ceto suka gaya min a wasu wuraren ruwan kan yi hanya mai ƙarfi zuwa tsakiya, kuma wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a kaikaice har ya fita daga cikinta. Shawara ce mai kyau. Sai dai a lokacin kalmar shahada kawai nake iya tunawa.

Na samu na dafe ƙasa da hannu biyu, amma wandon ya cika da ruwa da yashi, ya yi nauyin buhun gero. Tazuge ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, sannan ya ce ɓas! Ina gani shaddata ta kama hanyar Burazil. Igiyar kuma ba ta tsaya kaina ba, ta haura tudu ta shafe babbar rigar. Hula da waya kawai taubashi ya tsira da su.

Haka na durƙusa cikin ruwa iya ƙirji, ba halin fita, ba halin zama. Taubashi na tsaye yana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Don girman zumunci nemo min sutura." Ya ce sai na faɗa da ƙarfi, sau uku, cewa kududdufi ba teku ba ne. Na faɗa sau biyar. Wata mai tallar zannuwa ta zo, ta dube ni, ta dubi halin da nake ciki, ta ninka kuɗi ba ko kunya. Taubashi ya yafa min zanen ta kafaɗar hagu, damar a buɗe, yadda dattawan Asante ke yi, ya kafa min hulata. A cikin tirotiro, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, yaron mota ya ɗauke ni basarake, ya rusuna ya ce min "Nana", ya ba ni gidan gaba. Da muka isa Nima, Kawu ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Da safe Bakano ya fita daga gidan nan. Wa ya kawo min sarkin Kumasi?"

Sauran kwanakin na zagaya gaɓar ƙasar, amma da ladabi. A Bojo sai an tsallaka da kai wani ɗan tafki a kwalekwale kafin ka taka farin rairayin, na yi tafiyar idona a rufe. Kokorobite, wajen kilomita 30 yamma da birni, garin masunta ne da makaɗa. Na je takanas don cin kifin da aka fito da shi a gabana, na tarar da kwalekwale duk a kan tudu, maza na ɗinkin koma. Talata ce, kuma masuntan yankin ba sa shiga teku ranar Talata. Na ce lallai sun fi ni hankali da kwana ɗaya a mako.

A Elmina kuwa dariya ta ɗauke. Ga kwalekwalen Fanti masu fenti kala-kala sun cika mashiga, ga farin ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Na leƙa ta ƙaramar ƙofar da aka fitar da su, na dubi ruwan, na ji kunyar kukan da nake yi a kan wando. A Busuwa, gaba da Takoradi, ruwan ya fi sauƙin hali, yara 'yan shekara goma suna hawa igiya a kan allo kamar masu kilisa. Ɗayansu ya ce zai koya min. Na ce ina da uzuri.

Idan aka tambaye ni gaɓar da ta fi, Ada Fowa zan ce, wajen kilomita 100 gabas da Ankara, inda kogin Bolta ke shiga teku bayan ya baro madatsar Akosombo. Wani siririn tudun rairayi ne da bishiyoyin kwakwa: wannan gefe teku na ta ruri, wancan gefe kogi kwance lumui. Na zaɓi gefen kogi, na zauna a inuwa da dokunu da soyayyen kifi da yajinsu shito, na tsoma ƙafa iya idon sawu. Ruwa mai tarbiyya, ya san babba.

Ranar da zan taho Kawu ya miƙo min ƙunshin tsaraba, ya ce kada in buɗe sai na isa gida. Tazuge ne guda uku. Yanzu a majalisarmu ta Kano igiyar nan ta kai tsayin dutsen Dala, zanen kuma na naɗin sarauta ne da aka yi min a Gana. Da labarin ya zauna daram, ba don taubashi ya riga ya tura hoton zauren WhatsApp na dangi ba.