Bargon Maganaɗisu a Gadon Bayan Doki: Ku Rage Dariyar Tukuna

Na san kun taɓe baki tun daga kanun rubutun. Bargo mai maganaɗisu, wai don doki mai ciwon baya? To ku sassauta, malamai, abin akwai shi. A Ingila da Amurka ana ɗinka bargon doki a jera masa ƙananan maganaɗisu a ciki, daidai kafaɗa da gadon baya da ƙugu, a ce yana motsa jini, yana sakin jijiya. Kuma kun san halinmu: abin da masu ƙwallon dawaki na Turai suka yafa wa dabbobinsu ba ya daɗewa bai ba wani mai doki a filin folo na Bompai sha'awa ba.

Masu gardamar da na fi jin daɗinsu su ne injiniyoyin Sharaɗa da Challawa, mutanen da suka tsufa a gindin inji. Su za su ce maka ƙarfin maganaɗisu yana mutuwa da ɗan taƙin tazara, balle ya ratsa yadi, ya ratsa gashi da fata, ya kai ga tsoka. Gaskiyarku. Mai talla zai ce ai akwai sinadarin ƙarfe a cikin jini. Akwai, amma ba irin wanda ɗan jari bola ke tsinta da mayen ƙarfen tsohuwar sifika ba ne. Da jini na bin maganaɗisu, da na'urar MRI ta asibiti, wadda ƙarfinta ya ninka na bargon nan nesa ba kusa ba, ta tattara wa mara lafiya jininsa gefe guda. Ga shi kuwa mutane na shiga suna fitowa da ƙafarsu.

An ma gwada a kan dawakin. A shekarar 2000 likitocin dabbobi a Amurka sun ɗaura wa dawaki maganaɗisu a ƙafa, suka auna gudun jini, ba su ga bambanci ba. Daga baya masu bincike a Suwidin suka yafa wa dawaki bargo mai maganaɗisu da wani irinsa marar komai, suka auna jinin tsoka da ɗumin fata. Duka biyun ɗumi suka kawo, irin wanda kowane bargo ke kawowa.

Na ji tafi. Ku dakata, ban gama da ku ba.

Kai Alhaji mai ƙyaƙyata dariya a baya, ba kai ne ka yarda aka yi wa dokinka lalas da jan ƙarfe saboda ɗingishi ba? Shi Bature aƙalla bargonsa ba ya barin tabo. Kuma in mai bargon ya rantse dokinsa ya samu sauƙi, kada ku ce ƙarya yake. Mutumin da ya zuba dala ya sayi bargo yakan tsaya ya goge bayan doki kafin ya yafa masa, ya shafa, ya lura da inda dabbar ke zabura, ya ɗaga mata ƙafa kwana biyu ba hawa. A sanyin hunturu kuma ɗumin kansa magani ne. Hutu da kulawa suka yi aikin, maganaɗisu ya karɓi yabo. Amma wanda ya lulluɓe doki da kayan sanyin Ingila a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan sai dai mu yi wa dokin jaje.

Ciwon bayan da ake nema wa magani daga ƙetare, sau da yawa daga ƙarƙashin mazauninmu yake fitowa. Sirdi ɗaya, dawaki uku: na kakan gida ne, ba a taɓa tambayar ko ya zauna daidai a bayan wannan dokin ba. Zubukar ta mutu, audugar ta dunƙule, an ja majayi har numfashi na sarƙewa. Sannan a ɗora jalala da kayan ado, a ɗora ƙato da rawani da alkyabba, a fita hawan Sallah, gobe Daushe, jibi Nassarawa, a kan dokin da ya shafe watanni a turke yana cin harawa da dusa ba motsa jiki. In ya soma kwantar da kunne yana karkata baya idan ya hango sirdi, sai a ce ya yi tsiya, a nemo bulala.

Abin da ke ba ni haushi, a tsakiyar zolayar nan, shi ne garin da majemun Challawa ke fitar da fata zuwa Italiya, garin da masaƙun Bompai suka taɓa tufatar da Arewa kafin yawancinsu su rufe, a ce shi ne zai jira bargon doki daga jirgi. Dukawanmu sun iya aiki. A kai musu dokin su auna bayansa, a sake cusa zubuka da sabuwar auduga, kuɗin bai kai na dakon bargon ba.

Yanzu kowa ya je barga ya sauke sirdi, ya duba gefen doron dokinsa. In ka ga farin gashi ya fito tabo-tabo a inda ba a haife shi da fari ba, wannan sa hannun sirdinka ne, ranka ya daɗe, kuma likitan dabbobi ya kamata ya gani kafin hawa na gaba.