Yadda Ake Ƙidayar Shirwa a Mashigin Jibraltar Ba Tare da Wuya Ya Ƙage Ba

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu, tsuntsaye masu farauta da suka yi cin rani a Afirka ta Yamma suna komawa Turai domin su gina sheƙa su yi ƙwai. Da yawa daga cikinsu ta mashigin Jibraltar suke bi, inda tazarar ruwa tsakanin Maroko da Sifen take kimanin kilomita 14 a wuri mafi ƙunci. Dalili shi ne yadda suke tashi. Shirwa da gaggafa da mikiya ba sa son kaɗa fiffike. Suna neman inda rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi tana hawa sama, su baje fikafikai ta ɗaga su, sannan su sulale gaba har su tarar da wata. Teku ba ta ba da irin wannan iska, saboda haka suke taruwa inda ruwan ya fi ƙunci. Nan ne mai ƙidaya yake jiran su.

Aikin farko shi ne tambayar iska, domin ita take raba wa kowane tudu rabonsa. Idan ta yamma ce ke kaɗawa, wadda mutanen wurin ke kira poniyente, sai ta tura tsuntsayen gabas, su sauka wajen dutsen Jibraltar da Punta Karnero kusa da Aljesiras. Idan ta gabas ce, wato lebante, sai su fito ta Tarifa ko ma yamma da ita. Wanda ya zaɓi tudu don yana kusa da mai shayi zai wuni yana ƙidayar jiragen ruwa, da yamma kuma ya ji labarin dubban da suka wuce ta ɗaya gefen. In lebante ta yi ƙarfi, tsuntsayen sukan ƙi tsallakowa, su taru a duwatsun Maroko kwana da kwanaki. Ranar da ta lafa, kada mai ƙidaya ya yi alƙawarin zuwa ko'ina.

Kayan aiki ba su da yawa: tabaran hangen nesa, takardar cikewa, fensir, ɗan abin latsawa mai tara lamba, hula mai faɗi, da rigar sanyi, don iskar mashigin ba ta san ana bazara ba. Sai kujera mai kwantar da baya, wadda ta fi duk sauran daraja. Wuyan ɗan Adam ba don kallon sama na awa 8 aka yi shi ba, kuma wanda ya raina wannan shawara zai koma masauki yana gaisawa da mutane yana duban rufin ɗaki. Ba a buƙatar sammakon asuba. Tsuntsayen ba sa barin Maroko sai hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi.

Kowane iri da lokacinsa. Baƙar shirwa, 'yar uwar wadda ke shawagi a kan mahautan ƙasar Hausa, ita ce ta farko, tun daga Fabrairu, kuma ana gane ta da wutsiya mai baki biyu. Kusan tare da ita farar ungulu take zuwa, jikinta fari, gefen fikafikai baƙi. A Maris sai gaggafa mai cin maciji, mai farin ciki da ƙaton kai. Ƙaramar gaggafa mai gashi har ƙafa tana biyo baya, kuma kala biyu gare ta, mai haske da mai duhu. Mai duhun takan yi kama da shirwa daga nesa, shi ya sa ta fi kowane tsuntsu raba kan abokan aiki. A ƙarshen Afrilu zuwa Mayu shaho mai cin 'ya'yan rina yake isowa daga dazuzzuka, da ɗan ƙaramin kai da doguwar wutsiya, ya wuce da yawa cikin 'yan makonni.

Ƙidayar kanta tana da ƙa'ida. Idan tsuntsaye suna kewaya cikin iska mai hawa sama, ba a ƙirga su, domin shirwa guda za ta zagayo gaban ido sau bakwai, kowane zagaye ta sami sabuwar lamba. Ana jira su kai ƙololuwa su miƙe a jere, sai a zaɓi wata alama, kan dutse ko turken wuta, a ƙirga masu wuce ta. In sun yi yawa ana ɗaukar su goma-goma, in sun ƙara yawa hamsin-hamsin. Mutum ɗaya ke kallo, wani ke rubutu, don wanda ya sunkuya neman fensir ya yi asarar garke. Ana rubuta jimla duk bayan awa guda, tare da inda iska ta fito, da ƙarfinta, da yawan gajimare. Masu tudu biyu da ke kusa suna sanar da juna abin da ya nufo su, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Akwai abubuwa uku da ba sa shiga takarda komai kyan shawaginsu: jirgin sama, baƙar leda da iska ta ɗauko, da ɗigon nan da ke yawo a idon wanda ya daɗe yana kallon haske. Na ukun ana gane shi da biyayya, duk inda aka juya ido yana biye. Idan kuma gardama ta ƙi ƙarewa kan wani tsuntsu da ya riga ya shige gajimare, takarda tana da gurbin "ba a tantance ba", kuma cike shi ba abin kunya ba ne. Abinci kuwa a tsaye ake ci, da hannu ɗaya, domin tsofaffin masu ƙidaya sun yarda cewa buɗe ƙunshin burodi yana kiran gaggafa.

Wani abin da ake gani a bazara yana taɓa zuciya. Tsuntsun da ya ƙetare Sahara yakan iso gaɓar Sifen ƙasa-ƙasa, baki buɗe, yana kaɗa fiffike da kyar. Tsuntsayen bakin teku masu rawayan ƙafa, waɗanda ke sheƙa a dutsen Jibraltar, sukan far masa, wani lokaci har su jefa shi ruwa. Mai ƙidaya yana iya yi masa fatan alheri da ƙarfi, amma kada ya ɗauke yatsa daga abin latsawa.

Duk wannan wahala tana da amfani. Shirin Migres yana ƙidaya a mashigin tun 1997, ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Jibraltar ma ta daɗe tana yin nata. Da irin waɗannan alƙaluma, shekara bayan shekara, ake gane irin da ke ƙaruwa da wanda ke raguwa. Farar ungulu tana cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar ɓacewa tun 2007, saboda guba da wayoyin lantarki, da kuma cinikin sassan jikin ungulu a wasu kasuwannin Afirka ta Yamma. Saboda haka ranar da babu abin da ya wuce ma ana rubuta ta: sifili, da awannin da aka zauna, da irin iskar da ta kaɗa. Takardar da aka bari babu komai ba ta nuna ko tsuntsu ne bai zo ba ko mai ƙidaya ne ya yi barci. Ana ci gaba da zama har cikin Yuni, lokacin da matasan mikiya suke tsallakowa a ƙarshe.