Jakar Telar Dingaya

'Yar Gwaggo, baiwata, gaisuwa irin wadda aka saba, ke a durƙushe ni ina amsawa daga kan kujera.

Labari ya iso mu Kano cewa yanzu a Dingaya ba a kiran sunanki sai an sa "Tela" a gaba. Wai tun da kika gama koyon sana'a kika mallaki keke Butterfly mai feda, ba wanda ya ƙara yin barcin rana a gidanku, har kaji sun koma kwana maƙwabta. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rantsuwar da kika yi a gaban mata a gidan suna, cewa ke da sayen jakar hannu har abada, da kanki za ki riƙa ɗinkawa, kuma ba ɗinkin kai-da-ka ba, da samfur irin na Turawa.

A kan dalilinki ba ni da ja. Jakunan da ake jibgewa a Sabon Gari, su gangaro har kasuwar Sara, yawancinsu ba fata ba ne, roba ce aka shafa a kan yadi aka yi mata zanen fata. Ta sha zafin bazara, hunturu ya biyo baya ya busar da ita, sai ki ga ta fara saɓa tana bar wa mutum ɓarɓashi a hijabi. Mace ta biya kuɗi, kafin Sallah ta zagayo jaka ta zama abin kunya. Wadda ta ce za ta ɗinka tata ta yi tunani. Sai dai tunani daban, tef daban.

Samfurin da kika samo wajen malamarku, cikin tsohuwar mujallar Burda, ba ƙaramin abu ba ne, don kada ki ce ina raina kayan aikinki. Wani tela Ba'amurke, Ebenezer Butterick, shi ya fara sayar da samfurin ɗinki na takarda mai girma daban-daban a 1863, ta yadda mace za ta yanka riga a ɗakinta ba tare da ta je wajen gwani ba. A Jamus kuma wata mata, Aenne Burda, ta fara fitar da mujallarta a 1950, daga 1952 ta riƙa cusa babbar takardar samfur a ciki. Takardar ce kika shimfiɗa a tsakar gida kika danne kusurwoyinta da duwatsu, layuka ja da kore da baƙi sun hau kan juna ta ko'ina, Gwaggo ta leƙo ta tambaya ko taswirar filayen gado ce aka kawo daga kotu. Amma jaka ba ta bukatar wannan takarda sosai, tunda yawancin sassanta masu kusurwa huɗu ne. Sai kawai masu mujallar su rubuta awon a cikin bayani. Bayanin da Jamusanci yake. Ke kuwa Jamusancinki, in ban da sunan Bayern da kike ji a bakin yara masu kallon ƙwallo, bai taka kara ya karya ba. Kika tsallake kalmomi kika kama lambobi: 30 da 25.

To, tef ɗin tela fuska biyu gare shi. Ɗaya inci, wanda duk telan ƙasar nan yake aiki da shi, ɗaya santimita, wanda Bajamushiya take nufi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Kika ɗora fuskar da kika saba da ita, kika ja alli, kika sa almakashi da bismillah. Jakar da aka so ta yi faɗin santimita 30 ta fito 76, tsayin 25 ya koma 63 da ɗoriya. Yadin da ta ci ya ninka wanda aka tsara fiye da sau shida, kuma ba daga ƙyallayen da ke ƙarƙashin keke kika yanka ba, turmin atamfar da kika ajiye don fitar biki kika ɓarke. An ce da kika rataya ta kika fito, wani mai jaki da ke wucewa ya tsaya ya yi sallama, ya tambaya nawa za ki yi masa guda biyu a haɗe, don mangalarsa ta tsufa.

Kada ki ji haushi, babbar jaka ma tana da tarihi. A farkon 1983, da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takardu su fice, mutanen Gana suka kwashe komatsansu a jakar nan mai zanen dara, har yau sunanta Gana-mas-go. A 2007 kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya fito da mai kama da ita a bajekolin kayan ado, aka yi ta tafi. Saboda haka ba ɓata kika yi ba, gaba kika yi wa zamani. Faransawa ne kawai ba su san hanyar Gwaram ba.

Jakarki ta biyun ce ta fi ba ni dariya, don a nan kin gano fuskar tef, har kina cika baki. Abin da ba ki sani ba shi ne, samfurin Burda bisa al'ada ba ya haɗawa da rarar da keke zai ci. Shi layin ɗinki yake ba ki, ke za ki ƙara a kowane gefe kafin ki yanka. Na Amurka ne suke sa rarar a ciki, yawanci kashi biyar cikin takwas na inci. Ke kika yanka daidai wa daida. Keke ya ci dama ya ci hagu, kika naɗe kusurwoyin ƙasa don jaka ta samu gindin zama, wannan ma ya ci nasa, gam da shafi suka ƙara cika ciki. Duk da haka da an yi haƙuri da ita, ko ta goro ce. Sai ga babbar magana. Ita jaka mai shafi a kife ake haɗa ta: a ɗinka ta waje daban, a ɗinka shafi daban, a zura ɗaya cikin ɗaya fuska na kallon fuska, a zagaye baki da ɗinki, amma a bar ƙofa kamar yatsu huɗu a gindin shafin, ta nan za a jawo jakar ta juyo, sannan a rufe. Ke da ba ki son aikin ha'inci, kika bi ko'ina kika ɗinke tsaf, har da komawa baya don kada ya warware. Aka samu jaka ba ƙofa ba taga, atamfa da hannu da zif duk suna ciki a kulle. Ɓarawon kasuwa dai ya shiga uku da wannan. Mai jakar ma haka. Reza ce ta raba gardama, kina farkewa kina cewa laifin Bajamushiya ne.

Ta ukun kuwa da idona na gan ta, ranar ɗaurin auren da ya kai ni garinku, kuma zan faɗi gaskiya ko da za ki yi mini gori da ita shekara goma. Ɗinkin ya miƙe. Zif yana tafiya ba ya cizon shafi. Zanen atamfar ya haɗu a gefe, fure ya ci gaba daga inda ya tsaya, abin da teloli da yawa a birni ba sa damuwa da shi. Kina tafe kina juya kafaɗa don a gani. Kina isowa bakin rumfa kika sunkuya za ki gaida manya, hannun jaka ya ce ɓas, ya rabu da jikinta. Abin da ya zube a kan tabarma ni na taya ki tsincewa, don haka kada ki musa: waya mai tocila, caja da aka ɗaure da zare, littafin adashi, katin asibitin tarayya na Birnin Kudu, katin zaɓe, tandun kwalli, man zafi, carbi, goro biyu na Gwaggo a ganye, ƙuli-ƙuli a leda, alewar da ake rufe bakin yara da ita, da wani ƙulli a gefen ƙyalle da kika fizge daga hannuna kafin in kwance.

Nan ne gizo ke saƙar, 'yar Gwaggo. Wadda ta zana samfurin nan ta zana shi ne don mace mai ɗaukar makulli da jan baki da ɗan katin banki. Hannun da ta tsara, layi ɗaya na ɗinki ya ishe shi. Ke kuwa ofis kike ɗauke da shi, da kanti, da asusun matan unguwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Hannun jakarki sai an ninka yadin huɗu, an shigar da shi sosai cikin jiki, an ɗinka akwati a wurin an gicciya layi biyu a cikinsa. Kuma allura mai lamba 14 da kike ɗinka riga da ita ba za ta huda wannan kauri ba, shi ya sa kike ta karya su kina zargin keke. Nemi 16 ko 18, ki riƙa juya keken da hannu in kin zo kan tudu.

Ko jakar da ta fi kowace suna a duniya daga irin wannan zubewa ta samo asali. Wata 'yar fim kuma mawaƙiya, Jane Birkin, ta shiga jirgi da kwandonta, kayanta suka watse a gaban shugaban kamfanin Hermès, ta yi masa ƙorafin ba ta samun jakar da za ta ɗauke tarkacen uwa mai goyo. A 1984 aka yi mata ɗaya daidai da kayanta. Ita wannan ta farkon an yi gwanjonta a Faris a 2025 a kan sama da Yuro miliyan 8. Ke naki kayan a gaban ubangidanki suka zube, abin da kika samu shi ne wannan shafi na jarida. Kowa da rabonsa.

Abin da ya fi ba ni takaici, kin tsallake malamai a gida kin tafi Jamus. Dukawanmu ba su taɓa yanka fata kafin su san abin da za a zuba a ciki ba. Gafaka a kan Alƙur'ani ake auna ta, shi ya sa yake shiga ya zauna ba ya rawa. Zabirar wanzami aljihu-aljihu ce, aska da wurinta, ƙaho da wurinsa. Alabe don kuɗi, burgami don tafiya. A 1851, shekarar da Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka, Bajamushen nan Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano ya tarar ana fitar da takalma da kayan fata zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jan akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ta shiga Turai, can suka laƙaba mata sunan Maroko don ta nan ta bi. Wato wani Bajamushe ya sha rana ya zo ganin aikin kakanninki, ke kuma kin zauna kina karanta lambobin jikarsa a juye. Kai, ko mutanen da suka zana shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, nan kusa da ku a Birnin Kudu, ba tef ba alli na shago, ba su yi wa saniya ƙafar raƙumi ba.

Telan kasuwa ma in aka kai masa aikin jaka, abin da yake yi ke nan a sauƙaƙe. Ya karɓi tsohuwar da ta mutu, ya farke ta, ya shimfiɗa sassan a kan kwali ya zagaye da biro. Samfur ya samu, kuma na jakar da aka riga aka san tana ɗaukar kayan mai ita. Ke ma kina da tsohuwa rataye a ƙusa bayan ƙofa, tana saɓa tana jiran ki.

Abu ɗaya ne a jakarki babu shi a mujalla, na kuma lura da shi lokacin da nake mayar miki da kaya: ɗan aljihun da kika ɓoye tsakanin shafi da atamfa, bakinsa na kallon ciki, wanda sai an san da shi za a lalubo. Wannan naki ne, kuma shi ya fi komai kyau. Na san kuma don wa aka yi shi. Watan cika-ciki na tafe, kina shirin zuwa karɓar kuɗin shara. To ki sani, bana sai na ga shara da idona, tun daga zaure har bayan gida, sannan a yi maganar kuɗi.

Kafin nan ga aiki na ba ki, kyauta za ki yi, don bawa ba ya yi wa ubangidansa ciniki. Ɗana ya kusa sauka, ina son jakar da zai riƙa sa littattafansa na Islamiyya. Ba zan aiko miki da lamba ko ɗaya ba, na ga abin da kike yi da su. Littattafan zan ba direban motar Gwaram ya kawo miki, ki ɗora su a kan kwali ki zagaye, ki ƙara yatsa biyu kowane gefe. In kin gama ki ba Gwaggo ta zura hannu ta tabbatar akwai ƙofa kafin ki aiko.