Kwamitin Barcin Jariri

Duk gidan da aka yi haihuwa, kafin a yanka ragon suna an riga an kafa kwamiti. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma mai iya rushe shi. Maganar da ke gabansa ɗaya ce: me ya hana yaron nan barci? Mai jego, wadda ita ke kwana a zaune, ba ta da ta cewa. Ga 'yan kwamitin, kowa da kujerarsa.

Kaka ce shugaba. Takardar shaidarta a bakinta take: "Goma na haifa, ga su nan duk da ransu." A wurinta ciwon jariri ɗaya ne a duniya, wato sanyi. Ko a watan Afrilu ne a Sakkwato, sai ta sa masa hula da safa da rigar sanyi, ta naɗe shi da tawul, ta rufe taga, ta kashe fanka. Yaro ya jiƙe sharkaf da gumi ya tsala ihu, sai ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Ya riga ya shige shi." Fatawarta ta biyu ita ce a kife shi rubda ciki, wai ya fi daɗewa yana barci. Likitocin yara kuwa rigingine suka ce, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin tsumma kusa da fuska. Amurka ta fara wannan gangami a 1994, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Sai dai wanda zai kai wa Kaka wannan labari ya fara shirya amsar tambayarta: "Su Amurkan nawa suka haifa?"

Daga ita sai Iya mai hayaƙi. Ita ba ta yarda jariri na kuka haka kawai ba. Da ya ƙura wa silin ido, sai ta rage murya: "Akwai abin da yake gani." Nan da nan kasko ya shigo, garwashi ya ji turare da habbatus sauda da wasu saiwoyin da ita kaɗai ta san sunansu, a cusa wuƙa ƙarƙashin shimfiɗa. Ɗaki ya turnuƙe har mai jego ba ta ganin ƙofa. Ko akwai abin da yaron ke gani, yanzu kam ba ya ganinsa, tari yake yi. Addu'a ba ta taɓa shaƙe kowa ba, amma hayaƙi illa ne ga huhun da bai yi wata guda da fara aiki ba.

Ta uku Gwaggo mai ɗura. Tana shigowa za ta kalli ƙirjin mai jego ta girgiza kai: "Nonon nan bai ishe shi ba." A jakarta akwai zuma, akwai dabinon jiƙawa, akwai shawarar a ɗan tsinka masa koko. In aka ce a'a, sai ta koma kan ruwa: "Haba, a wannan zafin? Ke ba kya jin ƙishi?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, domin nonon kansa mafi yawansa ruwa ne. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara 1. Cikin jariri ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a cikinsa, shi ya sa yake nema sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Tashin da yake yi bayan awa 2 ko 3 ba ciwo ba ne, lokacin cin abincinsa ne ya yi.

Akwai kuma likitar unguwa, wadda ba ta taɓa shiga ajin koyon jinya ba amma ta haddace kantin kemis. "Cokali ɗaya kawai, sai kin tashe shi da safe." Wannan ita ce ba a yi mata dariya. Maganin tari ko na mura mai sa barci ba na jariri ba ne, yana iya danne masa numfashi. Najeriya ba ta manta da 2008 ba, lokacin da wani gurɓataccen maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya yi ajalin yara fiye da 80. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sai Anti mai waya, ƙanwar miji da ta gama jami'a bara. Ba ta taɓa goya ko ɗan maƙwabta ba, amma ta kalli bidiyo ba iyaka. Ta zana jadawali: nono ƙarfe 8, barci 8 da rabi. Jariri bai karanta ba. Ta kunna masa ƙarar ruwan sama a waya, caji ya ƙare, ga shi an ɗauke wuta. Amma a yi mata adalci, wani abin da ta faɗa gaskiya ne: jariri bai san dare da rana ba sai ya kai wata 2 zuwa 3, don haka a bar masa haske da hayaniyar gida da rana, da dare a rage fitila a daina yi masa wasa.

Masu barka rukuni ne guda. Awa guda aka yi ana jijjiga har ya yi shiru, sai ga sallama. "Barka da arziki! Ina angon? A miƙo shi mu gani." A ɗaga shi, a juya shi, a buɗe masa ido don a tabbatar na wa ya ɗauko. Dangin uba su ce hancin nasu ne, dangin uwa su ce goshin nasu ne. Kukan dai ba wanda ya taɓa cewa na danginsa ne. In sun tashi tafiya sai su bar nasiha: "Ki riƙa barin shi yana barci."

A cikinsu ba a rasa mai gori: "Ni nawa tun yana sati biyu yake kwana har asuba." Tambayi maƙwabtanta.

Angon ƙarni iri biyu ne. Na farko tun daren suna ya kwashe filonsa ya koma ɗakinsa, wai gobe akwai aiki. Da safe ya leƙo fes da shi: "Jiya dai yaron ya yi barci, ban ji motsinsa ba." Na biyu mai ƙoƙari ne: zai karɓe shi, ya yi zagaye biyu a tsakar ɗaki, ya miƙo: "Ungo, nono yake so." Yaron da ko minti biyar bai yi da sakin nono ba.

Ta ƙarshe ba ta cika magana a taro ba, shi ya sa ba a ba ta muƙami. Wataƙila yaya ce, wataƙila maƙwabciya, wani lokacin ma kishiya. Ta shigo ta wanke hannu, ta duba ko ya jiƙa kunzugu, ta ɗora shi a kafaɗa tana shafa bayansa har ya yi gyatsa, ta kwantar da shi rigingine, ta saki gidan sauro. In ta ji jikinsa da zafi, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya sauya, ba ta kiran taro, asibiti take cewa. In kuwa lafiyarsa ƙalau, kalma uku take faɗa wa mai jego: "Je ki kwanta."

Jariri sabon haihuwa yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, a gutsuttsure. Ke nan shi ba ya bin kowa bashin barci, uwarsa ce ke bi. Don haka in za ku je barka, ku bar shawara a gida, ku tafi da hannu biyu: ɗaya ya riƙe yaro, ɗaya ya ja wa mai jego ƙofa. Allah ya raya mana su, ya ba iyayensu haƙurin 'yan kwamiti.