Wai A-kori-kura Ba Ta Son Gata

Masu cewa a-kori-kura ba ta son gata, sannunku da ƙoƙari. Na haddace karatunku: motar wahala ce, in ka lallaɓa ta sai ta sangarce, a ba ta mai, a ɗora mata lodi, sauran kuwa Allah ya kyauta. Da mutum ya ce a yi juye, sai ku harare shi, wai ya haɗa baki da mai sayar da baƙin mai. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Hujjarku ta farko Fijo ce. Ban musa ba. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma har gobe in ka je kasuwar ƙauye ranar da take ci, za ka ga 504 da ta girmi direbanta, ƙofa ɗaure da igiya, tana tafe a karkace. Sai ku ce ga ta nan, ba ta mutu ba. Alhaji, daure ka leƙa cikinta. Injin ba nata ba ne, giyar daga wata gawa aka ciro ta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, lagireto ya sha walda har ba masaka tsinke. Lambar ce kaɗai ta asali.

Daga nan sai ku ruga Chadi, inda a 1987 sojojin Hissène Habré suka fatattaki tankokin Libiya da motocin Toyota, har aka sa wa abin suna Yaƙin Toyota. 'Yan bokonku kuma su kawo shirin Top Gear na BBC, wanda a 2003 ya bar teku ta tafi da wata tsohuwar Hilux, ya cinna mata wuta, ya ɗora ta a kan dogon bene aka rushe shi da nakiya, amma ta tashi. Duk haka aka yi. Abin da kuke tsallakewa shi ne, sai da bakanike ya zo da akwatin sifana ya taɓa ta sannan ta tashi. Ku kuwa bakanikenku ba ya ganin motar sai an jawo ta da igiya.

Mu zo kan lodi, inda kuka fi ƙwarewa. Kamfani ya ce Hilux ta ɗauki kusan tan 1, wato buhu 10 na masara mai kilo 100. A Dawanau buhu 10 ai shimfiɗa ce. Sai an ninka, an ɗora akuya biyu, sannan fasinja su hau sama suna lilo da ƙafa. Da gindin motar ya zauna, sai a ce kai ta a ƙara mata sifirin. An ƙara, ta miƙe, kowa ya ce madalla. To birkin fa, shi ma an ƙara masa? Shasi da boris da taya suna nan yadda aka ƙera su. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a gane komai. Gangara ce mai tona asiri, sa'ad da direba ya taka birki har ƙasa, yaron mota ya diro yana neman dutsen da zai sa weji. Ko jaki, da aka san shi da haƙuri, ana sauke masa mangala a ba shi dusa.

Juye kuwa kun mai da shi sai an sayar da amfanin gona. A ƙura irin tamu, kilomita 5,000 ya isa a zubar da baƙin mai a sauya filta. Ku sai dai ciko, ku zuba sabo a kan tsohon da ya koma kwalta. Filtar iska a hunturu, a buga ta a jikin taya sau biyu a mayar. Ta yage ma ba komai. Ƙurar da ta shige ita ke cin ringi, sai mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, ku ce ai dama tsufa ne.

Ruwan lagireto daga rijiya, wani lokaci daga kududdufi, ya bar tsatsa da ɓawo ya toshe hanyoyin. Mota ta fara zafi, sai wani gwani ya ce cire tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne. An cire, toshewar tana nan, ranar da gasket ya ƙone kuma a ce sammu ne. Masu Hilux ta gas, fitilar nan da ke kamawa da rubutun T-BELT ba ado ba ce. Cewa take bel ɗin taimin ya cika wa'adi, kilomita 100,000 a wani injin, 150,000 a wani. Na san maganinku, rewaya ya kashe ta. In bel ɗin ya tsinke mota na gudu, fistin ya haɗu da bawul, sai a ji ƙas, shi ke nan.

Kada ku ce kanikawa ne suka aiko ni. Su da son ransu ne ku ci gaba a haka. Juye aikin yaron gareji ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sauke inji kuwa sai maigida da kansa, kuma ba ya kwance noti ko ɗaya sai an ba da kafin alƙalami.